Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kan Babban Aman Wuta Na Gaba

Mai girma Babban Sakatare,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatanku, musamman na ofishin rage haɗurran bala'o'i da ke Janiba, na rubuto ne domin in ja hankalinku ga wani haɗari da ba kasafai ake jin sunansa a manyan tarukan Majalisa ba. Ana maganar ambaliya da fari da guguwa da annoba, kuma duk sun cancanci a yi maganarsu. Amma duwatsu masu aman wuta, sai ranar da wani ya fashe ake tunawa da su, a nuna jan wuta kwana biyu a talabijin, a wuce. A kowane lokaci ana samun duwatsu 40 zuwa 50 suna amai a sassan duniya, kuma mafi yawansu ɓarnarsu ba ta wuce maƙwabtansu. Wanda ke hana ni sukuni shi ne babban, wanda hayaƙinsa ke dushe hasken rana a duniya baki ɗaya, wanda babu wani mai rai a yau da ya taɓa ganin irinsa.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, yaushe? Babu masanin da zai iya ba ku shekara, balle wata ko rana, kuma duk wanda ya ce ya san ranar, to ba da ilimi yake magana ba. Sanin gaibu sai Allah. Amma akwai abin da bayinsa suka gano ta hanyar bincike, kuma ya isa ya tayar da hankalin duk mai riƙe da amanar jama'a. Masana suna da ma'aunin girman aman wuta wanda Chris Newhall da Stephen Self suka fitar a 1982, yana hawa daga 0 zuwa 8, kuma a manyan matakansa kowane mataki ya ninka na ƙasa da shi sau goma wajen yawan abin da dutse ya amayar. Na Pinatubo a Filifin a 1991 mataki na 6 ne. Na ƙarshe da ya kai mataki na 7 shi ne na Tambora, a tsibirin Sumbawa na Indunusiya, cikin watan Afrilun 1815.

Da Tambora ya fara ruri, jami'an mulkin mallaka a tsibirin Java sun zaci harbin igwa suke ji, har suka tura sojoji neman abokan gaba. Dutsen da tsawonsa ya haura mita 4,000 ya wayi gari bai kai 3,000 ba, kansa ya rufta ya bar rami mai faɗin kilomita 6. Dubun-dubatar mutane suka mutu a Sumbawa da Lombok, kuma yawancinsu yunwa da cuta ne suka kashe su bayan toka ta binne gonaki. Sai kuma abin ya tsallaka tekuna. A 1816 dusar ƙanƙara ta zuba a arewa maso gabashin Amurka cikin watan Yuni, lokacin da ya kamata a ce shuka tana tsaka da girma. A Turai amfanin gona ya lalace, hatsi ya yi tsada, aka yi ta tarzomar neman abinci. A lardin Yunan na ƙasar Sin aka shiga yunwar shekaru. Manoman da wannan ya shafa ba su taɓa jin sunan Tambora ba. A wancan lokacin mutanen duniya ba su wuce biliyan ɗaya da 'yan kai ba, yau mun haura biliyan 8.

Yadda aka san yawan aukuwar irin wannan abu ne mai ban sha'awa. A Girinlan da Antatika dusar kowace shekara tana danne ta bara, ta zama ƙanƙara hawa-hawa, kuma duk shekarar da wani babban dutse ya fashe, gurbin farar wuta, wato salfa, yana maƙalewa a hawan wannan shekarar. Masana suna haƙa rami mai zurfi su zaro doguwar sandar ƙanƙara, su bi ta shekara-shekara suna ƙirgawa. Da irin wannan ƙirga ne Michael Cassidy da Lara Mani suka rubuta a mujallar Nature a 2022 cewa aman wuta mai mataki na 7 yana zuwa kusan sau ɗaya a shekara 625, wato yiwuwar aukuwarsa cikin wannan ƙarni ta kai ɗaya cikin shida. Kada wani ya ɗauki 625 ya haɗa da 1815 ya ce ai da sauran lokaci. Dutse ba ya bin jadawali. Ƙanƙarar nan ta nuna cewa wani babban dutse ya fashe wajen 1809, shekara shida kacal kafin Tambora, kuma har yau masana na neman ko wane dutse ne. Yaron da aka haifa bana yana iya ganin wannan rana da idonsa.

Da an ta da wannan magana sai a ji mutane sun koma kan Yellowstone na Amurka, domin shi ne jaridu da masu shirya bidiyo suka fi so. Gaskiya ne ya yi manyan amai uku, na ƙarshe kimanin shekara 640,000 da suka wuce. Amma hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta yiwuwar sake irinsa a shekara guda da ɗaya cikin 730,000, kuma yana cikin duwatsun da aka fi zuba wa ido a duniya. Ba shi ne abin tsoro na kusa ba.

Abin tsoron shi ne dutsen da ba wanda ke kallonsa. Akwai kimanin duwatsu 1,350 a doron ƙasa da ake ganin suna iya tashi, kuma kusan mutum miliyan 800 suna zaune cikin tazarar kilomita 100 daga ɗayansu. Tarihi ya nuna sau da yawa wanda ya daɗe yana barci ne ke yin mummunar ɓarna, saboda daji ya rufe shi, an yi gonaki a jikinsa, jikoki sun manta abin da kakanni suka gani. El Chichon na Meziko ba ya cikin waɗanda ake sa wa ido lokacin da ya fashe a 1982 ya kashe kusan mutum 2,000. Pinatubo ya yi shekara kusan 500 shiru. Nabro na Eritiriya ya tashi a 2011 ba tare da an taɓa rubuta amansa a tarihi ba, haka ma Hayli Gubbi na yankin Afar a Habasha, wanda ya tashi a watan Nuwamban 2025, tokarsa ta tsallaka Bahar Maliya har ta shafi zirga-zirgar jirage a Indiya. Ko aman 1257, wanda yake cikin mafi girma a shekaru dubu biyu da suka wuce, sai a 2013 aka tabbatar cewa daga dutsen Samalas na Lombok ya fito. Su Cassidy sun ce cikin duk aman da aka yi tun daga 1950, kashi 27 cikin ɗari ne kawai aka samu na'urar sa ido, irin ta auna girgiza, ko da guda ɗaya a kusa da su. Wannan adadin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Domin kuwa, ranka ya daɗe, ko da yake ba a iya faɗin shekara tun daga nesa, ana iya faɗin makonni idan akwai na'ura a wurin. Narkakken dutse ba ya hawowa daga ƙarƙashin ƙasa a ɓoye. Yana fasa duwatsun da ke kan hanyarsa, sai a riƙa samun ƙananan girgiza. Yana kumbura jikin dutsen. Yana fitar da iskar salfa da ake iya aunawa. A Pinatubo, tururi ya fara fashewa a ranar 2 ga Afrilun 1991. Masana na cibiyar nazarin duwatsu masu aman wuta ta Filifin ƙarƙashin Raymundo Punongbayan, tare da takwarorinsu na Amurka, suka kafa na'urori cikin gaggawa, suka bi kwazazzabai suna duba tsohuwar toka domin su san iyakar inda aman baya ya kai, suka zana taswirar haɗari. A tsakiyar Mayu salfar da ke fita tan 500 ce a rana, kafin ƙarshen wata ta kai tan 5,000. Sai kuma ta faɗi ƙasa warwas a farkon Yuni. Wanda bai san aikin ba zai ce dutse ya huce. Su kuwa suka fahimci bakin ne ya toshe, iska na taruwa a ciki. Da jami'ai suka yi ta jan ƙafa, sai masanan suka riƙa nuna musu bidiyon da masanin duwatsu masu aman wuta Maurice Krafft ya haɗa na yadda gajimaren toka mai zafi ke gangarowa ya share gari. Shi kansa Krafft da matarsa Katia irin wannan gajimaren ne ya kashe su a dutsen Unzen na Japan a ranar 3 ga Yunin wannan shekarar. Aka kwashe dubun-dubatar mutane daga kewayen Pinatubo. Ranar 15 ga Yuni dutsen ya fashe, ga kuma guguwa ta zo da ruwa ta jiƙa tokar, rufin gidaje ya yi ta ruftawa, ɗaruruwa suka mutu. Amma an ƙiyasta cewa gargaɗin ya ceci aƙalla rai 5,000 da dukiyar dala miliyan 250, alhali aikin sa idon bai ci dala miliyan ɗaya da rabi ba.

Ku kwatanta wannan da garin Armero na Kolombiya, shekara shida kafin nan. Dutsen Nevado del Ruiz ya yi kusan shekara guda yana motsi. A watan Oktoban 1985 masana suka fitar da taswira da ta nuna ƙarara cewa idan ƙanƙarar kansa ta narke, malalar taɓo za ta bi kogi ta afka wa Armero. Hukumomi suka ji tsoron asarar kwashe mutane a banza. Ranar 13 ga Nuwamba da rana toka ta fara zuba a garin, aka ce wa jama'a su kwantar da hankali su zauna a gida. Da misalin ƙarfe tara na dare dutsen ya fashe. Aman bai ma yi girma ba, mataki na 3 ne. Taɓon ya yi sama da awa biyu yana gangarowa tafiyar fiye da kilomita 70, lokacin da ya ishi mutum ya taka da ƙafa zuwa tudu. Ya iso mutane suna barci, wutar lantarki ta ɗauke. Kimanin mutum 23,000 suka mutu a daren, mafi yawansu a Armero. Ilimin yana nan, taswirar tana nan, amma babu wanda ya ɗauki nauyin cewa a tashi.

Na san ba da umarnin a tashi ba abu ne mai sauƙi ba. A 1976 an kwashe sama da mutum 70,000 daga gindin dutsen Soufriere a tsibirin Gwadalup, suka yi watanni a waje, babban aman bai zo ba, aka yi ta zargin juna. Akwai kuma aman da ke zuwa kusan ba sallama, kamar na Ontake a Japan a 2014, wanda ya rutsa da masu hawan dutse 63 a ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi yawan na'urori. Shi ya sa gwamnan da zai ba da umarnin kwashe jama'a yake bukatar ya san cewa akwai kuɗin ciyar da su da tsugunar da su, kuma idan dutsen ya koma barci ba za a mayar da shi da masanansa abin tsangwama ba. Talaka ba zai bar gonarsa da dabbobinsa ba idan bai san abin da zai ci gobe ba. Asusun da zai fito da kuɗi tun a matakin gargaɗi, kafin a ga gawa, yana cikin abin da Majalisa za ta iya tsayawa a kai.

Sai batun cibiyoyin sa ido kansu. Ku dubi Goma a gabashin Kwango, birni mai cike da jama'a a gindin dutsen Nyiragongo. A watan Janairun 2002 narkakken dutse ya ratsa tsakiyar birnin har cikin tafkin Kivu. A 2020 tallafin da cibiyar sa ido ta Goma ke samu daga Bankin Duniya ya ƙare ba a sabunta ba, bayan zarge-zargen almundahana, ma'aikata suka yi watanni suna fama da rashin intanet da kuɗin zuwa duba na'urori. A ranar 22 ga Mayun 2021 dutsen ya sake tsagewa, kwanaki kaɗan bayan haka dubban ɗaruruwan mutane suka fice daga birnin. Binciken da aka yi daga baya ya nuna wannan aman ya zo da alamu 'yan kaɗan ƙwarai, don haka ba zan ce rashin kuɗi ne ya jawo asarar ba. Amma bai dace a ce cibiyar da ke gadin irin wannan birni tana rayuwa a kan tallafin shekara uku ko huɗu da ke iya yankewa kowane lokaci ba. Idan an samu ɓarna a hukunta mai ɓarna, a bar na'ura a kunne. Ga shi kuma ƙasan tafkin Kivu cike yake da iskar gas, kuma duniya ta ga abin da ƙaramin tafkin Nyos na Kamaru ya yi a watan Agustan 1986, lokacin da iskar da ya saki ta shaƙe mutum sama da 1,700 cikin dare ɗaya.

Duk wannan maganar waɗanda ke kusa da dutse ce. Waɗanda ke nesa kuwa, babu inda za a kwashe su a kai su. Pinatubo ya harba salfa tan miliyan 15 zuwa 20 can saman sararin sama, inda ruwan sama ba ya wanke ta, ta zama hazo mai mayar da hasken rana, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo. Wani zai ce ai a wannan zamani na ɗumamar yanayi sanyi alheri ne. A'a. Sanyin na shekara biyu ko uku ne, kuma yana zuwa da rikicewar damina. Bayan aman Laki na Aislan a 1783, wanda ya yi wata takwas yana zuba ya hallaka kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar, kogin Nilu bai kawo ruwa yadda ya saba ba, Masar ta shiga yunwa. Masana yanayi sun kuma danganta aman da ke cika arewacin duniya da salfa, kamar na El Chichon, da ƙarancin ruwa a yankin Sahel. Yau kuwa ƙasashe 'yan ƙalilan ne ke sayar wa duniya yawancin alkama da masara da shinkafar da ke tsallaka iyakoki. Idan damina ta gaza a biyu ko uku daga cikinsu lokaci guda, kowa zai rufe rumbunsa. Mun ga haka a 2007 da 2008, mun sake gani a 2023 da Indiya ta taƙaita fitar da shinkafa. Wanda zai fara jin jiki shi ne wanda ba shi da dutse mai aman wuta ko ɗaya a ƙasarsa, amma da hatsin waje yake ciyar da 'ya'yansa.

Ko ƙananan amai sun nuna mana raunin zamaninmu. Na Aislan a watan Afrilun 2010 mataki na 4 ne, amma ya sa aka soke tashin jirage kusan 100,000, fasinjoji miliyan 10 suka maƙale. Na Hunga Tonga, a tsibiran Tonga na tekun Fasifik, a ranar 15 ga Janairun 2022 ya tsinke wayar intanet ta ƙarƙashin teku, Tonga ta yi kusan mako biyar ba ta da cikakkiyar hanyar magana da duniya, a daidai lokacin da take neman agaji.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwar rubuto muku shi ne an taɓa haɗa kai a kan wannan al'amari, kuma an ga amfaninsa. Bayan wani jirgin Ingila ya shiga tokar dutsen Galunggung a 1982 injinansa huɗu suka mutu a sama, kafin Allah ya sa suka sake tashi, hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisarku ta jagoranci kafa cibiyoyi tara da suka raba sararin duniya a tsakaninsu, suna bin toka dare da rana suna gargaɗin matuƙa. An yi wa masu tafiya a sama wannan gata, saura mazauna ƙasa. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 300 ta harba kumbon da ya bugi wani dutsen sararin samaniya a watan Satumban 2022, domin gwada kare duniya daga haɗarin da yiwuwarsa ba ta kai ta aman mataki na 7 ba ko kusa. Ba na ganin laifin wannan gwaji. Ina dai cewa kaɗan daga irin wannan kuɗi zai sa na'urori a jikin duwatsu masu yawa a Indunusiya da Filifin da gabashin Afirka da tsakiyar nahiyar Amurka, ya biya albashin waɗanda za su zauna a gabansu. Hotunan taurarin ɗan'adam na Turai masu nuna kumburin ƙasa kyauta ake ba da su, amma sai da 'yan ƙasa da aka horar, masu jin harshen mutanen ƙauyukan da ke gindin dutsen, hoton zai zama gargaɗi.

A 2022 ofishinku ya yi alkawarin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan'adam zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa. Shiri ne mai kyau, amma a ganina ya fi karkata ga guguwa da ambaliya. Ina roƙonku ku sa duwatsu masu aman wuta a ciki da sunansu. Ku sa a fitar da jerin duwatsun da jama'a ke zaune kusa da su amma babu na'ura ko ɗaya a jikinsu, a wallafa shi kowa ya gani, a riƙa sabunta shi duk shekara. Ku kuma tara hukumar abinci da aikin gona, da shirin samar da abinci, da hukumar yanayi, da manyan ƙasashe masu sayar da hatsi, su zauna su gwada a takarda abin da za a yi idan aka wayi gari da Tambora na biyu: wa zai buɗe rumbu, wane iri za a raba wa manoma don gajeriyar damina, wace yarjejeniya za ta hana rufe iyakoki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarjejeniyar Sendai kan rage haɗurran bala'o'i za ta ƙare a 2030, kuma ina fatan wadda za ta gaje ta za ta ƙunshi babi na musamman kan babban aman wuta, da kuɗinsa, da sunan hukumar da za a tambaya idan ba a yi ba.

Allah ya taimake ku a kan wannan nauyi da kuke ɗauke da shi.

Wassalam,
Wani mai bibiyar al'amuran duwatsu masu aman wuta